Mu Kafa Wa Rediyo Rumfa A Bayan Gida

  

Yau wata 'yar magana ce na zo da ita wadda na san wasu za su ce ta marasa aikin yi ce. Ra'ayina shi ne duk Bahaushen da ke zaune a kudu, in dai Allah Ya hore masa ɗan fili a bayan gida, ko da ƙafa 8 ne, to ya kamata ya kafa rumfa ta musamman domin sauraron rediyo. Ba wai ɗakin alfarma nake nufi ba, a'a, 'yar rumfa mai benci ɗaya da kanta ɗaya da waya a sama. Na san tambayar da za a fara yi mini: a wannan zamani da kowa ke da waya a aljihu, wa ke ta rediyo, balle har a yi mata ɗaki? Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Mu fara da ƙorafin da na fi ji a bakin dattawanmu a kasuwa, cewa gajeren zango ya mutu, wai mutum ya murɗa tun daga mita 16 har mita 49 ba ya jin komai sai shuu da ƙugi. Akwai gaskiya a ciki, zan zo kanta. Amma rabin matsalar ba a tasha take ba, a cikin ɗakunanmu take. Cajar waya, musamman irin ta araha da ake zubawa a faranti a tasha, da kwan fitila mai farin haske, da inbata, da akwatin dish, da na'urar cajin sola, kowannensu yana fitar da wata hayaniya da kunne ba ya ji amma rediyo tana ji. Muryar da ta taso daga dubban kilomita ta iso gidanka a gajiye, ita kuwa cajar nan tana kusa da rediyon da taku biyu, dole ta danne ta. A zamanin da iyayenmu suka saba rataya National a kafaɗa babu waɗannan tarkace a ɗaki, shi ya sa suke tuna muryar London tangaram. Wanda yake shakka ya gwada: ranar da aka ɗauke wuta a unguwa, a 'yan mintunan nan kafin maƙwabta su tayar da janareta, ya kunna rediyonsa a tsakar gida, zai ji tashoshin da ya yi zaton an binne su. To ita rumfar da nake magana, aikinta na farko ke nan, ta raba rediyo da hayaniyar ɗaki.

Sai ɗaya rabin gaskiyar, wadda ba zan ɓoye ba don ina son ra'ayina ya ci. Tashoshi suna janyewa daga gajeren zango. Rediyon Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, wadda ta yi shekaru tana harbo shirye-shirye zuwa Afirka. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85. A watan Maris na 2025 kuma aka wayi gari Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, bayan umarnin da shugaba Trump ya sa wa hannu, sashen da ke magana da mu tun 1979. Duk wanda zai ce maka mita tana cike kamar da, bai gaya maka gaskiya ba.

Amma ku dubi abin ta wannan fuskar. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mu da ke nan, masu jiran motar shanu ko ta albasa, masu iyaye a can, wayar da muke taƙama da ita ta zama madubi kawai. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda harkoki suka tsaya. A Nijar kuwa gwamnatin soja ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024, wato aka cire su daga tashoshin FM na cikin ƙasa. Duk waɗannan hanyoyi, waya da intanet da FM, akwai wani mutum a wani ofis da ke da makunninsu. Gajeren zango shi kaɗai ne ba shi da mai tsaron ƙofa a tsakani, domin muryar sama take bugawa ta faɗo, ba ta biyo ta turken kowa ba. Ga shi ba ta cin data, wadda aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Batir biyu sun ishe ka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, mu da muke zaune a garin mutane. Duk wanda yake Ibadan a Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, ya san abin da waya ta yi wa zukata. Saƙon murya yana shigowa ba ka san wanda ya yi shi ba, hoto yana yawo ba ka san na wace shekara ba ne ko na wace ƙasa, kowa yana ɗakinsa shi kaɗai yana kallo jininsa yana tafasa, 'yan uwa daga Arewa suna ta kira suna cewa a kwaso yara a dawo gida. Labarin rediyo ba wahayi ba ne, su ma suna da nasu son rai, kuma kowace ƙasa da ta kashe kuɗi ta buɗe sashen Hausa ba don Allah ta yi ba. Amma aƙalla wakili yana faɗin sunansa da garin da yake, gobe kuma in ya yi ƙarya akwai inda za a kama shi. Sa'annan in mutum biyar suka ji labari tare a benci ɗaya, aka murɗa aka ji yadda London ta faɗa, aka ji yadda Faransa ta faɗa, aka ji FM ɗin Yarabanci na gari, to da wuya a rasa dattijo ɗaya da zai ce ku dakata, maganar nan ba ta haɗu ba. Wayar hannu ba ta da wannan dattijon.

Mu Hausawa ba baƙin rediyo ba ne, tare da ita aka yi zaman Kurmi. Sabon Ibadan an kafa ta tun 1916, an yi shekara 41 kafin Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe baki da Hausa a BBC a watan Maris na 1957, shirin minti 15 kacal. Rediyon Kaduna ta zo a 1962, Jamus da Sin a 1963, Faransa sai a 2007. Mahaifina, wanda goro ne sana'arsa, har yau in ya tashi ba da labarin Zaɓi Sonka sai ka ga fuskarsa ta canza, yadda mutum zai aika kati daga Shagamu a karanta gaisuwarsa a Kaduna, a ji a ƙauyensu, a san yana raye yana kuma cikin rufin asiri. Mu da aka haifa a nan, Hausar da muka iya ta zaure da ta labarai, ba a makaranta muka koye ta ba, don makarantunmu Yarabanci ake koyarwa. A gindin rediyo muka tsince ta, ƙarfe 8 da rabi na dare, a Amsoshin Takardunku da Ra'ayi Riga da Gane Mini Hanya. Yanzu ku saurari ƙannenmu. Yaro zai haɗa jimla ɗaya da Hausa da Yarabanci da buroka, in ka ce masa "majalisar dokoki" ko "kasafin kuɗi" sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa jin an yi Hausa ta minti 30 a jere ba tare da an surka ba. Iya Yarabanci alheri ne, da shi muke ciniki, da shi muke zaman lafiya da maƙwabta. Amma ranar da yaron nan zai je gida biki a kira shi ɗan Kurmi ana dariya, mu ne muka jawo masa.

To yaya za a kafa ta?

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ɗauki rediyonka mai batir lokacin da akwai wuta, ka sa ta a gajeren zango inda babu tasha, ka ƙara murya, ka zaga bayan gidan a hankali. Za ka ji ƙugin yana ƙaruwa in ka matso bango ko mitar wuta ko inda ake ajiye janareta, yana raguwa in ka nisance su. Inda ya fi yin shiru, nan ne wurin rumfarka, ba inda ya fi kyau a ido ba. In wurin ya faɗa inda mata ke shanya ko girki, to a zauna a yi shawara da uwargida tukuna, don bayan gida nasu ne kafin ya zama na rediyo. Haka kuma in abokai za su riƙa zuwa, a duba ta inda za su shiga ba tare da sun ratsa tsakar gida ba. In babu irin wannan hanya, rumfar ta zama ta mutanen gida kawai, ba a mayar da gidan mutane majalisa ba. Su ma matan a bar musu lokacinsu, sun fi mu sauraro in da za a ƙirga.

Ƙafa 6 a ƙafa 8 ya isa. A ɗaga daɓen da bulo jeri biyu, kun san ruwan kudu, in ya sauko sai ya nemi hanya ta ƙarƙashin komai. Turaku na katako, a shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Bango ya zama na falanki ko gora, kada a kewaye shi da kwano, don ƙarfe yana tare murya, rediyo a cikin akwatin langa-langa kurma ce. Rufin kam ba makawa kwano ne, amma a yi masa silin ko da na tabarma ko kwali mai kauri, in ba haka ba zafi zai kore ka da rana, ƙarar ruwa ta kore ka da dare. A karkata rufin yadda ruwansa ba zai zuba a bangon maƙwabci ba, rigima da yawa a gidajen haya daga indararo take farawa. Wanda yake haya kuma ya ɗaure katakon da noti maimakon ƙusa, ranar tashi ya kwance abinsa ya ɗora a mota.

Shawarata kada a jawo wutar lantarki cikin rumfar sam. In ka jawo, ka kwaso hayaniyar da ka gudo wa ke nan. Batir ya isa, fitila kuma a gwada ta tukuna: kunna ta kusa da rediyo, in ƙugi ya tashi a canza wata. Danshi shi ne babban abokin gaba a nan, ba ƙura ba kamar a gida. In an gama sauraro a cire batir, don in ya yi ruwa a ciki ya cinye ƙarafan, a sa rediyon a bokitin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Eriya ita ce ran abin, kuma ita ce mafi araha. Wayar tagulla mai rigar roba, irin ta masu gyaran wuta, tsawon mita 10 zuwa 20, a ɗaga ta sama iyakar iyawa daga rumfar zuwa bishiya ko doguwar gora. Kada a ɗaure ta kai tsaye a bishiya, a sa guntun bututun roba a ƙarshenta, sa'annan igiya ta ɗauka daga nan, a kuma bar mata ɗan sassauci saboda iska. Ƙaramar rediyo irin Kchibo, in ka maƙala mata doguwar waya kai tsaye, sai ta ƙoshi ta rikice, ka ji tashoshi uku a wuri ɗaya. Maganinsa ka naɗa ƙarshen wayar, da rigarta, sau 5 ko 6 a jikin eriyar rediyon ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Masu ɗan hali da suka sayi Tecsun ko tsohuwar Sony mai lambobi, su akwai ramin eriya a gefe, kuma suna nuna maka lambar tasha daidai, ba sai ka yi ta lalube ba. Matsakaicin zango kuwa bai damu da doguwar wayar ba sosai, eriyarsa tana cikin rediyon, juya akwatin kawai za ka yi har murya ta fito.

Nan ina roƙonku da girman Allah ku kula da abu biyu, don sun shafi rai. Kada wayar nan ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar lantarki, kada ma ta kasance inda in ta tsinke za ta faɗa kanta, ko ita ta wutar ta faɗo mata. Na biyu, tsawa. Doguwar waya a sama a ƙasar da ake kwana ana walƙiya ba abin wasa ba ce. A kafa ƙarfe mai tsawon ƙafa 4 zuwa 6 a ƙasa mai danshi a wajen rumfar, duk lokacin da aka gama sauraro a cire wayar daga rediyo a fitar da ita a maƙala a jikinsa. Wannan yana zubar da cajin da ke taruwa a wayar, amma ba ya tare aradu in ta faɗo kai tsaye, saboda haka da hadari ya haɗu a tashi a shiga gida, ko da ana tsakiyar labarin da aka kwana ana jira.

Sai maganar da ta fi katako da waya muhimmanci a wurina, wato maƙwabta. Mu san inda muke. A yanayin da ake ciki, Bahaushe ya kafa ɗan ɗaki a lungu, ya miƙa waya sama, ana jin wasu harsuna suna fitowa da tsakar dare, wallahi ba a rasa wanda zai fara raɗa cewa da wasu yake magana a daji. Kada ka bari a tambaye ka, kai ka riga su. Ka sami mai gidan da kake haya tun kafin ka fara, ka gaya wa shugaban masu gidaje na layinku, in unguwar da Baale a sanar da shi, haka ma mai unguwarmu. Ka kira maƙwabcinka ya shigo ya zauna, ka kamo masa wasan ƙwallo ko tashar Yarabanci, ya ga da idonsa akwatin nan ji kawai take yi, ba ta aika komai. Aika magana ta iska wani fanni ne daban, yana buƙatar lasisin gwamnati, kuma ba shi muke yi ba. Ƙofar rumfar ta kasance a buɗe in ana ciki, murya kuma a rage bayan ƙarfe 10. Na fi son a ce rumfar Malam ce inda ake jin labarai, Baba Ijebu ma yana leƙowa, da a ce wani ɗaki ne da ba a san abin da ake yi a ciki ba.

Game da kamun tasha, abin ba tsafi ba ne. Can sama, kilomita ɗaruruwa, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, shi ne ke mayar da muryar gajeren zango ƙasa, kuma halinsa da rana daban yake da na dare. Shi ya sa da rana ake neman tasha a mita 13 da 16 da 19, da dare kuma a koma mita 31 da 41 da 49, mita 25 tana tsakani, ta fi daɗi da safe da yamma. In rediyonka lambobi take nunawa ba mita ba, raba 300 da lambar megahaz ɗin, abin da ya fito shi ne mitar: 15 ta ba ka 20, kusa da mita 19 ke nan, 6 ta ba ka 50, unguwar mita 49 ke nan, inda aka san Rediyon Kaduna a kan 6090. Manyan tashoshi suna sauya lambobinsu sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka in tasha ta ɓace maka a waɗannan ranaku ba lalle ta rufe ba ne, ƙaura ta yi. Agogon GMT kuma da suke faɗa, ƙara masa awa ɗaya ka sami namu. Mu na kudu ma muna da ɗan gata, domin tun 1966 BBC ke harbo shirye-shiryenta na Afirka ta Yamma daga tsibirin Asenshon da ke tsakiyar Tekun Atilantika, teku ce kawai tsakaninmu da shi.

Wani zai ce duk wannan wahala, alhali da waya zan kamo Freedom Rediyo daga Kano tangaram? Ka kamo mana, ni ma ina yi, FM ɗin Kano ai ba ta iso nan ta iska. Kawo wayar rumfa, a haɗa ta da 'yar sifika, mutum shida su ji da datar mutum ɗaya, caja dai a bar ta a ɗaki. Ni ban ɗauki waya kishiyar rediyo ba. Abin da nake ƙi shi ne kowa ya toshe kunnensa shi kaɗai, uba a kan tabarma, ɗa a kan katifa, gida ɗaya amma ba wanda ya san abin da ɗan uwansa ya ji.

A rataya littafi mai fallaye 40 da biro a jikin turke. Duk tashar da aka kamo a rubuta rana da lokaci da mita da harshen da ake yi, a ba ta maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ta fito. Bayan wata biyu za ka san mitar gidanka fiye da duk wani jadawali. Rubutun kuma a damƙa shi a hannun ƙaramin yaron gidan da ya iya riƙe biro, da sharaɗin da Hausa zai yi, ya ƙara da kanun labari ɗaya da ya ji da kalma ɗaya da bai gane ba, in an kashe rediyo a fassara masa. Wanda ya riga ya kafa tasa a Agege ko Fatakwal, don Allah ya sanar da mu abin da yake kamawa a mita 31 bayan sallar isha'i, mu gwada da na nan Ibadan.

Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.